Babi Na Uku: Tambari Kafin Aƙida

Duk sa'ad da labarin wata sabuwar ƙungiyar addini ya ɓulla a rediyo ko a jarida, musamman idan ya zo da ɓarna, tambaya guda ce take fitowa daga bakin jama'a, a majalisa da kasuwa da cikin mota: yaya aka yi mutum mai cikakken hankali, wanda ya yi karatu mai zurfi, yana da sana'a da iyali, wataƙila ma likita ne ko injiniya, ya bar abin da ya tarar da iyayensa a kai, ya je ya yi mubaya'a ga wani wanda shekara goma baya ko maƙwabtansa ba su san shi da wata daraja ba? Amsoshin da aka saba bayarwa ba su wuce a ce asiri aka yi masa, ko da ma can yana da taɓin hankali, ko yunwa ce ta kai shi. Waɗannan amsoshi suna sanyaya zuciyar mai tambaya, domin suna nuna masa cewa shi kam ya fi ƙarfin a ruɗe shi, amma ba su warware mas'alar ba, tun da yake da yawa daga cikin waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Amurka da Turai da Japan 'ya'yan masu hali ne, lafiyayyu, waɗanda suka fito daga manyan jami'o'i.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne, babu wanda ake shimfiɗa wa aƙida gaba ɗayanta a ranar farko. Kafin baƙo ya ji abin da ƙungiya ta ce game da Ubangiji, ko ruhi, ko makomar ɗan Adam bayan mutuwa, ya riga ya ci karo da sunanta, da launinta, da hoton shugabanta, da wata gajeruwar jimla mai daɗin ji, kuma waɗannan abubuwa sun riga sun yi aikinsu a zuciyarsa. Kayan aikin nan kuwa a hannun 'yan kasuwa aka are su.

Abin da ɗan kasuwa ya sani

Matar da ta shiga Kantin Kwari sayen atamfa ba ta san inda aka noma audugar ba, ba ta san irin rinin da aka yi mata ba, ba ta kuma da lokacin da za ta jiƙa ta ta wanke ta ga ko za ta zuba; abin da take yi shi ne ta juya bakin turmin ta dubi tambarin da ke jiki, idan ta ga wanda ta sani sai hankalinta ya kwanta, ta biya har da ƙari. Tambarin ya ɗauke mata wahalar bincike, ya zama alkawari tsakaninta da masaƙar da ba ta taɓa gani ba, kana ranar biki shi ne zai shaida wa sauran mata matsayinta ba tare da ta buɗe baki ba. Kamfanonin duniya sun daɗe da gane cewa wannan amincewa dukiya ce wadda sau da yawa ta fi injuna da gine-gine tsada, shi ya sa suke yi wa sunayensu rajista, suke kai ƙarar duk wanda ya kwaikwaye su.

Addinan da suka daɗe ba su dogara ga wannan ba, domin galibin mabiyansu a cikinsu aka haife su, sun sha su tare da nono, kuma suna da tarihin ƙarnoni da malamai da littattafai da za su tsaya musu shaida. Sabuwar ƙungiya kuwa ba ta da kakanni, ba ta da makabarta, ba ta da unguwa. Kowane mabiyi sai ta same shi yana baligi, ta janye shi daga wani wuri, alhali ga waɗansu masu kira da yawa suna jan hannunsa ta ɗaya ɓangaren. Wannan gasa ta tsananta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Japan ta saki marar addini a 1945 bayan dogon ƙuntatawa, Amurka kuma ta sassauta dokar shige da fice a 1965, malaman addinan Asiya suka sami hanyar shiga ƙasar, suka tarar da samari masu kuɗi da lokaci waɗanda suka gaji da cocin iyayensu. A irin wannan fage, wanda ba a iya gane shi daga nesa ba zai sami mai saurarensa ba.

Mutumin da ya rasa sunan hajarsa

Babu wanda ya fahimci wannan al'amari kamar L. Ron Hubbard, Ba'amurken da ya kafa Scientology, kuma da tsada ya sayi darasin. Asalinsa marubucin ƙagaggun labarai ne a mujallu masu araha. A watan Mayu na 1950 ya fitar da littafinsa Dianetics, wanda ya gabatar a matsayin sabon ilmin kimiyya na lafiyar ƙwaƙwalwa, littafin ya yi kasuwa ƙwarai, aka buɗe cibiyoyi a birane da dama. Ba a yi shekara biyu ba bashi ya karya cibiyoyin, kuma a 1952 haƙƙin mallakar sunan Dianetics ya kuɓuce daga hannunsa, ya koma hannun wani attajirin man fetur na garin Wichita mai suna Don Purcell, wanda ya zuba kuɗinsa a harkar. Ga mutum da koyarwarsa a kansa, amma shari'a ta hana shi kiranta da sunan da jama'a suka san ta da shi. Sai ya fito da sabon suna, Scientology, ya kafa shi a matsayin coci tsakanin ƙarshen 1953 da 1954, a cikin 1954 ɗin kuma tsohon sunan ya dawo masa.

Tun daga nan ƙungiyar ba ta sake wasa da suna ba. A 1982 aka kafa wani kamfani na musamman, Religious Technology Center, wanda aikinsa shi ne riƙe tamburan addinin: kalmar Scientology, da kalmar Dianetics, da sunan Hubbard da sa hannunsa, da gicciyensu mai tsini takwas. Duk reshen da zai yi aiki da waɗannan sunaye sai da izini, kuma ana iya janye izinin. Wanda ya ɓalle ya buɗe tasa zawiyar yana koyar da abu ɗaya, lauyoyi ne za su same shi. A shekarun 1990, da waɗansu tsofaffin mabiya suka saki koyarwar matakan sama a intanet, koyarwar da ba a nuna wa almajiri sai ya yi shekaru yana hawa daraja bayan daraja, ƙungiyar ta kai su kotu bisa hujjar satar haƙƙin mallaka da tona sirrin kasuwanci. A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya yi tunani, domin a tarihin addinai an saba jin ana tuhumar wanda ya saɓa wa jama'a da bidi'a ko ridda ko zindiƙanci, amma tuhumarsa da satar sirrin kasuwanci baƙon abu ne, kuma yana nuna yadda ma'abota aƙidar suke kallon abin da ke hannunsu.

Ƙofar shiga ma an tsara ta da hikima. Mai wucewa a titi ba a tare shi da zancen ruhi. Takarda ake miƙa masa a ce ya zo a auna masa halinsa kyauta. Gwajin yana da tambayoyi 200, sunansa kuwa Oxford Capacity Analysis, wanda duk mai ji zai zaci daga Jami'ar Oxford ya fito, alhali babu wata dangantaka tsakaninsu. Idan ya gama sai a zana masa jadawali, a nuna masa inda ya raunana, a ce akwai ɗan gajeren darasi mai sauƙin kuɗi wanda zai gyara wannan rauni. Akwai kuma wata na'ura mai allura da ake kira E-meter, wadda mutum yake riƙe gwangwanayenta biyu ana yi masa tambayoyi, allurar tana motsi. Abin da take aunawa shi ne yadda lantarki yake ratsa fatar hannu, amma ganinta kaɗai yana sa baƙo ya ji kamar yana ɗakin likita. Tun daga 2013 ƙungiyar take sayen talla a lokacin wasan Super Bowl, wanda ya fi kowane shiri yawan 'yan kallo a Amurka, a 2018 kuma ta buɗe tashar talabijin tata. Hukumar harajin Amurka ta amince da ita a matsayin addini a 1993. Wata kotu a birnin Faris kuwa ta same ta da laifin zamba cikin tsari a 2009. Tambarin ɗaya ne a ƙasashen biyu.

Launi da sutura

Wata dabarar ita ce a mai da jikin mabiyi allon talla. Lokacin da Swami Prabhupada ya sauka Amurka a 1965 a cikin jirgin ruwan dakon kaya, yana dattijo mai shekara 69, ba shi da kuɗin sayen fili a jarida. A shekarar da ta biyo baya ya kafa ƙungiyar da duniya ta sani da Hare Krishna a birnin Niyok, almajiransa suka aske kawunansu suka bar tukku, suka yafa mayafi ruwan goro, suka fita dandali da ganguna suna rera zikirinsu. Cikin 'yan shekaru ya zamana ko wanda bai san kome game da addinin Hindu ba, da ya hango wannan launi daga ƙarshen titi ya san ko su wane ne. Suturar tana aiki ta fuska biyu, domin kamar yadda take sanar da na waje, haka take ɗaure na ciki: wanda ya aske kansa ya ratsa unguwarsu a cikin wannan shiga, abokansa da iyayensa suka gan shi, komawa baya ta yi masa nauyi.

Bhagwan Shree Rajneesh na Indiya ya bi wannan hanya, ya umarci mabiyansa su sa tufafi ja ko ruwan lemo, su rataya carbi mai ɗauke da hotonsa, ya kuma sauya wa kowa suna. Cocin Universal, wadda Edir Macedo ya kafa a Birazil a 1977, ta zaɓi farar kurciya a cikin jar zuciya, da kira guda ga mai wucewa cewa ya daina shan wahala, ta sayi tashar talabijin ta Record a 1989, ta bazu har Turai da Afirka da alama iri ɗaya a bisa kowace ƙofa, ta yadda baƙon da ya sauka wani gari zai gane ta ko bai iya harshen garin ba. Shaidun Jehobah, waɗanda tsofaffi ne a cikin sababbi, kuma mai karatu ya san mujallarsu Hasumiyar Tsaro da Hausa, sun ɗauki wannan suna ne a 1931 domin su bambanta da sauran ƙungiyoyin da suka fito daga tushe ɗaya da su, a 'yan shekarun nan kuma suka tattara kome a ƙarƙashin wani ɗan shuɗin murabba'i mai ɗauke da adireshinsu na intanet, wanda ake gani a jikin majami'unsu da a kan 'yan kekunan littattafai da suke tsayawa da su a bakin hanya.

Kada mai karatu ya zaci wannan ɗabi'a ta mutanen nesa ce kaɗai. Wanda ya bi hanyar Legas zuwa Ibadan ya ga allunan majami'u jere da juna, wanda kuma ya dubi gilashin motocin haya a garuruwanmu ya ga hotunan shehunai da malamai. Son alama ɗabi'ar ɗan Adam ce, kuma ni ban ga aibi ga jama'a ta ƙawata ƙofarta ko ta sa tufafin da za a san ta da shi ba. Inda aibin yake shi ne abin da za mu zo gare shi nan gaba kaɗan.

Aron fuska

Hubbard ya fitar da jerin sunayen mashahuran mutanen da yake so almajiransa su jawo tun a 1955, a 1969 kuma aka buɗe cibiya ta musamman domin taurarin fim da mawaƙa a Los Angeles. Daga baya John Travolta da Tom Cruise suka zama fuskar addinin a idon duniya. George Harrison na ƙungiyar mawaƙan Beatles ya ɗauki zikirin Hare Krishna a faifai a 1969, faifan ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a Ingila. Cibiyar Kabbalah ta Los Angeles ba ta shahara ba sai da aka ga mawaƙiya Madonna da jan zare ɗaure a wuyan hannunta, sa'an nan dubban mutanen da ba su taɓa buɗe littafin sufancin Yahudawa ba suka shiga neman zaren. Hujjar da ke ƙarƙashin wannan mai rauni ce ƙwarai, domin iya waƙa ko wasan kwaikwayo ba ya ba mutum sanin gaibu, amma zuciya ba ta cika tsayawa auna hujja ba idan ta ga wanda take ƙauna. Abin da take cewa shi ne, wannan da ya sami duk abin da duniya take bayarwa, tun da ya zo nan, lalle akwai abin da ya gani.

Addinin da ya ce shi ba addini ba ne

Mafi zurfin dabara a ganina ita ce ta Maharishi Mahesh Yogi. Da ya fara kiransa a Indiya a ƙarshen shekarun 1950, ya sa wa ƙungiyarsa suna mai nuna farfaɗo da ruhi, bai kuma ɓoye cewa al'amarin na ibada ne ba. Ya shahara sa'ad da Beatles suka je wurinsa a garin Rishikesh a 1968. Amma da ya lura cewa Baturen da ke aikin ofis yana tsoron kalmar addini, kuma makarantun gwamnati da kamfanoni da barikin soja ba za su buɗe wa addini ƙofa ba, sai aka sake wa hajar kwali. Aka daina gabatar da zancen ruhi, aka koma zancen hutun ƙwaƙwalwa da saukar hawan jini da samun barci. Aka ce dabara ce kawai ta minti 20 safe da yamma, wadda Kirista da Bayahude da Musulmi da marar addini duk za su iya yi. Aka taƙaita sunan zuwa haruffa biyu, TM, aka yi musu rajista, aka yanka kuɗin koyo.

Sai dai mai koyo, ranar da za a ba shi kalmar da zai riƙa maimaitawa, ana umartarsa ya zo da furanni da 'ya'yan itace da farin ƙyalle, malaminsa ya tsaya gaban hoton shehin Maharishi ya yi addu'o'i da harshen Sanskrit, waɗanda galibin masu koyo ba su san ma'anarsu ba. Da aka shigar da wannan koyarwa makarantun gwamnati a jihar New Jersey, waɗansu iyaye suka kai ƙara, a 1977 kotu ta yanke hukuncin cewa abin addini ne, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1979. Ba na musun cewa mutane da yawa sun sami natsuwa da wannan zama na shiru. Abin da nake cewa shi ne, uban da ya sa hannu ɗansa ya koyi dabarar hutawa yana da haƙƙin a gaya masa gaban wa za a tsai da yaron, da kuma abin da za a faɗa a wurin.

Sauya suna

Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin ƙawata haja da tadlisi. Mai sayarwa yana da damar ya goge kayansa, ya jera su da kyau, ya yabe su da abin da ke cikinsu. Amma idan ya san akwai aibi ya rufe shi domin kada mai saye ya gani, ya yi algus, kuma shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da kayan. Da wannan ma'auni nake so a auna dabara ta ƙarshe, wato sauya suna bayan suna ya ɓaci, domin a nan ne ilmin talla yake iya zama makamin cuta.

Rajneesh ya koma Amurka a 1981, mabiyansa suka gina gari sukutum a jihar Oregon, ya tara motocin Rolls-Royce 93. A 1984 waɗansu manyan muƙarrabansa suka zuba ƙwayoyin cuta a abincin gidajen cin abinci na garin The Dalles domin su hana mutane fita zaɓe, mutum 751 suka kamu da ciwo. A 1985 aka fitar da shi daga ƙasar. A 1989, shekara guda kafin mutuwarsa, ya koma amsa sunan Osho. Aka sake buga littattafansa da sabon suna da sabon bango, zawiyarsa ta garin Pune ta zama wurin shaƙatawa da natsuwa na masu kuɗi, kuma a yau matafiyi yana iya sayen littafin Osho a filin jirgin sama ba tare da ya san akwai wani wuri da ake kira Oregon a tarihin marubucin ba.

Aum Shinrikyo ta Japan ta faro ne a 1984 a matsayin ajin yoga a Tokiyo. Shugabanta Shoko Asahara ya shahara da wani hoto da aka buga a mujalla, wanda yake nuna shi zaune a iska, ƙungiyar kuma ta riƙa fitar da littattafan zane da finafinan katun irin waɗanda samarin ƙasar suka tashi da su, har ta jawo ɗaliban kimiyya daga fitattun jami'o'i. Ranar 20 ga Maris 1995 mabiyanta suka saki iskar guba ta sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo, mutum 13 suka mutu, dubbai suka jikkata. A shekara ta 2000 ragowar ƙungiyar ta koma Aleph, kuma hukumomin tsaron Japan sun sha yin gargaɗi cewa tana jawo matasa ta hanyar azuzuwan yoga waɗanda ba a ambaton sunanta a cikinsu.

Cocin Haɗin Kai, wadda Sun Myung Moon ya kafa a Seoul a 1954, ta yi fice da ɗaurin auren jama'a, kamar wanda aka yi wa ma'aurata 2,075 a rana ɗaya a Niyok a 1982. Da sunanta ya yi nauyi a kunnen mutane, sai ta koma kiran kanta Tarayyar Iyali domin Zaman Lafiyar Duniya da Haɗin Kai, ta kuma kafa ƙungiyoyi masu yawa na ɗalibai da mata da zaman lafiya, kowace da nata suna, har mutum yana iya halartar taronsu ya tashi bai san gidan wa ya shiga ba. A Japan gwamnati ta amince da sauyin sunan a 2015. Bayan da aka harbe tsohon firayim minista Shinzo Abe a watan Yuli na 2022, wanda ya harbe shi ya ce mahaifiyarsa ta talauta gidansu da ba wa cocin dukiya, sai tambayar da 'yan jarida suka dinga yi ta zama: wa ya yarda aka sauya sunan, kuma mutum nawa suka shiga saboda ba su gane cewa tsohuwar ƙungiyar ce ba? A watan Maris na 2025 wata kotu a Tokiyo ta ba da umarnin a soke rajistarta ta addini.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa mafi yawan sababbin ƙungiyoyin addini ba su taɓa kashe kowa ba, kuma ba kowane sauya suna ne ha'inci ba; jama'a tana iya tuba ta gyara halinta, ta so a san ta da sabon suna. Abin dubawa shi ne ko tana gaya wa baƙo tsohon sunan idan ya tambaya, ko kuwa tana kauce masa.

Inda ƙarfin tambari ya tsaya

Da wannan duka, kuskure ne a ɗauka cewa talla ita kaɗai take mai da mutum mabiyi, kuma akwai bincike biyu da suka nuna haka a kan ƙungiya ɗaya. A farkon shekarun 1960 waɗansu masana zamantakewa biyu, John Lofland da Rodney Stark, suka zauna tare da mabiyan Moon na farko a yankin San Francisco, lokacin ba su wuce 'yan tsiraru ba. Suka ga shugabar jama'ar ta gwada sanarwa a rediyo, ta aika wa jaridu takardu, ta kama zauren taro, duk ba su kawo kowa ba. Waɗanda suka shiga kuwa, kusan dukkansu ƙawa ce ko miji ko maƙwabci ya jawo su, kuma sun fara ƙaunar mutanen tun kafin su fahimci aƙidar. Daga baya wata malamar jami'a a Landan, Eileen Barker, ta bi sawun mutanen da suka halarci tarurrukan kwana biyu na ƙungiyar a 1979, ta fitar da sakamakon a 1984: kimanin tara cikin goma ba su shiga ba, waɗanda suka shiga kuma mafi yawansu sun fice kafin shekara biyu. Wannan ya rushe da'awar cewa akwai wani sihiri da ba ya kuskure.

Aikin tambari ke nan ya kawo mutum bakin ƙofa, ya cire masa tsoro, ya sa ya ga cewa shiga ba abin kunya ba ne, wani lokaci kuma ya hana shi sanin gidan da yake shiga. Daga nan sai aikin ya koma hannun mutane: wanda ya tarbe shi da fara'a, ya riƙe sunansa, ya kira shi washegari ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ya gayyace shi cin abinci a daren da ba shi da kowa. A babi na gaba za mu tsallake ƙofar tare da baƙon, mu bi shi cikin makonninsa na farko, mu ga yadda ake cika masa lokacinsa da sababbin 'yan'uwa har tsofaffin su fara yi masa nisa, da kuma lokacin da ake fara yi masa zancen kuɗi.